Shekara 20 ina saɓa buhu lafiya, yaya bokitin ruwa ya kayar da ni?

Wani bawan Allah daga ƙasar Taura a Jigawa ya aiko da tambaya. Shekararsa 44, manomi ne, idan rani ya yi kuma yana lodi a kasuwar Gujungu. Ya ce ya fi shekara 20 yana saɓa buhun hatsi, bayansa bai taɓa ce masa uffan ba. Wata safiya bayan sallar asuba ya sunkuya ya ɗauki bokitin ruwan da zai kai wa dabbobi, yana juyawa sai kwankwasonsa ya riƙe. Bayan kwana uku ciwon ya gangara ɗuwawu da bayan cinya har sha-raɓa. A asibiti an ce faifan bayansa ne ya zame, maɗori ya ce zai mayar masa da shi, 'yan uwa kuma sun ce basir ne. Yana so ya san yadda bokiti ya yi abin da buhu ya kasa, ko faifan yana komawa, da kuma ko noma ya ƙare masa ke nan.

Malam, sannu da jiki, Allah Ya ba ka lafiya. Ni ma'aikacin sashen gashi ne na asibiti, wanda ake ce wa fisiyo, kuma a ƙauye na tashi da fartanya a hannu, don haka na san abin da kwanciya take nufi ga magidanci idan damina ta kawo kai. Ban duba ka ba, amma labarinka na sha jin irinsa daga bakin manoma da 'yan dako. Zan fara da kalmar da aka gaya maka, domin ita ta fi razana mutane: faifan nan ba ya zamewa.

Gadon baya jerin ƙasusuwa ne kamar 'ya'yan carbi: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari suke maƙale, 5 manya a kwankwaso, sai na ƙasa da suka haɗe suka zama ƙashi ɗaya a ƙugu. Idan ka taɓa tsayawa kan mahauci yana sara gadon bayan rago, ka ga wani farin abu mai tauri-tauri tsakanin ƙashi da ƙashi, tsakiyarsa da laushi. Shi ne faifan da ake magana. Guda 23 ne a jikin ɗan Adam. Na kwankwaso faɗinsa wajen santimita 4, kaurinsa kusan santimita 1, amma idan aka tara su duka sun kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon gadon baya. Ni na fi son in ce masa gammo, don aikin gammo yake yi. Sai dai wannan gammon a ɗinke yake da ƙashin sama da na ƙasa, zarurrukansa sun shige cikin ƙashin sun kafe. Ko a haɗarin mota, sau da yawa ƙashin ne yake karyewa kafin gammon ya rabu da shi. Yana tsagewa, yana kumbura, abin cikinsa yana iya ɓullowa waje, amma ba ya barin mazauninsa.

Tsakiyarsa wani abu ne mai danƙo kamar ƙaron da ya kwana a ruwa. A jikin matashi wajen kashi 80 cikin 100 na wannan tsakiyar ruwa ne, kuma akwai sinadari a cikinta mai janyo ruwa ya riƙe, yadda gishiri yake jan laima da damina. Kewaye da ita akwai ɓawo hawa-hawa irin na albasa, hawa 15 zuwa 25, kowane hawa saƙar zare ce mai ƙarfi. Abin da har yau yake sa ni in ce tsarki ya tabbata ga Mahalicci shi ne yadda aka jera zaren. Na wannan hawan ya karkata dama, na wanda ke bi masa ya karkata hagu, haka har ƙarshe, kamar saƙar zana, ko zaren da kake gani a cikin tsohuwar tayar mota. Sama da ƙasa kuma an rufe da wani siririn guringuntsi da bai fi milimita 1 ba, shi ne murfin da ke tsakanin gammon da ƙashi.

Ɗauki ledar fiya-wata ka sa tsakanin tafukanka ka danna. Ruwa ba ya matsuwa, don haka ba zai ƙanƙance ba, sai dai ya nemi gefe, ledar ta yi tauri ta kumbura ta ko'ina. Haka tsakiyar gammon take yi idan nauyi ya sauko mata. Tana shimfiɗa shi bai ɗaya a kan murfin ƙashin ƙasa don kada ya taru a wuri guda, tana kuma tura shi gefe-gefe, ɓawon ya ɗaure ya hana ta fita. Zare kuwa ka san halinsa: idan ka danna shi lanƙwashewa yake yi, amma wajen ja nan ƙarfinsa yake. To gammon yana juya danniya ne ta koma ja, ya ba zare aikin da ya iya. Yakan ɗan lotsa, gefensa ya ɗan turo, nauyi na sauka ya koma yadda yake.

Wannan ne dalilin da buhu bai kayar da kai ba. Ɗan lodin da ya san aiki, abokansa ne suke ɗaga buhu su aza masa a ka ko a kafaɗa, ya miƙe sak ya tafi. Nauyin yana bi ta tsakiyar ƙasusuwa, ta inda gammon ya fi iya ɗauka. Masu bincike da suka riƙa danna gadon bayan gawa a cikin na'ura sun tarar cewa idan dannawar a tsaye take, murfin ƙashin ne yake fara fashewa, ɓawon yana nan bai yage ba. Ba ina wanke buhu mai kilo 100 ba ne, shekaru 20 ɗin nan sun bar maka alamarsu. Amma nauyin tsaye shi ne wanda gammon ya fi jurewa.

An taɓa auna matsin da ke cikin gammon mutum mai rai. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, shi ya fara soka allura mai ma'auni a ciki a shekarun 1960. A 1999 kuma Hans-Joachim Wilke da abokan aikinsa a garin Ulm na Jamus suka buga sakamakon irin wannan awon, wanda suka yi a jikin wani mutum mai shekara 45 da nauyin kilo 70, a gammon da ke tsakanin ƙashin kwankwaso na huɗu da na biyar. Bari in juya maka lissafinsu zuwa ma'aunin mai faci, wanda tayar ƙaramar mota take shan 30 zuwa 35. Yana kwance rigingine, matsin wajen 15 ne. Da ya miƙe tsaye ya kai wajen 70, wato ko ba ka ɗauki komai ba gammonka ya ninka tayar mota tauri. Da ya sunkuya hannu rabbana, ya kai 160. Da ya sunkuya da baya a lanƙwashe ya ɗaga kilo 20, abin da bai kai jarka mai lita 25 ba, ma'aunin ya haura 330. Ya lanƙwasa gwiwa ya ɗaga kayan nan dai, ya sauko wajen 250. Da ya riƙe shi manne da jikinsa kuwa, 160. Jikin mutum ɗaya ne aka auna, naka ba lallai ya zo daidai da nasa ba, amma dubi tazarar: kaya ɗaya, mutum ɗaya, an raba matsin biyu don an miƙe tsaye an kuma matso da kayan kusa da ciki.

In kana mamakin yadda kilo 20 zai jawo wannan, tuna jigon ban-ruwa da iyayenmu suka yi lambu da shi kafin zuwan inji. Ɓangaren guga dogo ne, ɓangaren baya gajere, shi ya sa sai an ɗaura masa ƙaton curin laka kafin ya rinjayi ɗan ruwan da ke cikin guga. Bayanka jigo ne, gammon shi ne gwafar da jigon yake kai. Tsokokin da suke miƙar da kai suna bayan gammon da wajen santimita 5 kacal. Bokitin da ka miƙa hannu ka ɗauka yana iya kai santimita 40 ko 50 a gabansa. Kafin tsoka ta rinjaye shi sai ta ja da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 8 zuwa 10, ga kuma kanka da ƙirjinka da hannuwanka, kusan rabin nauyin jikinka, su ma suna rataye a gaba. Duk wannan jan a kan gwafar yake sauka. Mafi yawan abin da ya danne gammonka a safiyar nan tsokarka ce ta kawo shi, ruwan bokitin kaɗan ne a ciki.

Sunkuyo yana kuma canza siffar gammon. Ƙasusuwan biyu suna haɗe baki ta gaba su buɗe ta baya, tsakiyar mai danƙo ta matsa baya, kamar ka danna ledar ruwan nan ta gefe ɗaya. Ɓawon baya shi ya fi siranta, ga shi sunkuyon ya riga ya ja shi ya ɗame, kuma a bayansa ne jijiyoyin da suke sauka ƙafa suke wucewa. Sai ka ƙara da juyawa. Idan aka murɗa gammon kamar ana matse wanki, zaren da ya karkata gefe ɗaya ne kaɗai yake ɗamewa, ɗaya rabin ya saki. Rabin zare ke nan aka bar wa aikin duka.

Sannan lokacin da abin ya faru, wanda na tabbata ba ka ɗauke shi a bakin komai ba. Da rana nauyin jiki yana tatsar ruwa daga gammon a hankali, da dare idan ka kwanta ya sake sha ya cika. Mutum ya fi tsawo da safe da santimita 1 zuwa 2 a kan yadda yake da yamma, kana iya gwadawa a jikin garu. 'Yan sama jannati da suke daɗewa inda babu nauyi sukan ƙaru da har kusan santimita 5. Gammon da ya ƙoshi da ruwa a ɗame yake tun kafin ka taɓa shi, ba ya son lanƙwasa. Michael Adams da abokansa a Ingila sun nuna a 1987 cewa wahalar da sunkuyo yake ba gammon da sassafe ta ninka ta yamma nesa ba kusa ba. Mafi yawan wannan ƙarin ruwan yana raguwa a sa'o'in farko bayan tashi. Kai kuwa ka sunkuya, ka miƙa hannu, ka ɗauka, ka juya, duk bayan asuba.

Duk da haka kada ka ɗora wa bokitin laifin duka. Igiyar guga sili-sili take cinyewa a bakin rijiya, ranar da za ta tsinke ba lallai ne gugan ya fi na kullum cika ba. Ɓawon yana samun ƙananan tsaga daga ciki shekara da shekaru, mai shi bai sani ba, don hawan ciki ba su da jijiyar jin zafi, sai na wajen. Gado ma yana da hannu sosai. Binciken da aka yi a kan tagwaye a ƙasar Finlan ya nuna cewa abin da mutum ya gada ya fi irin sana'arsa tasiri a kan saurin tsufan gammonsa. Shi ya sa kake ganin ɗan lodi ya tsufa garau, malamin makaranta yana fama.

Idan tsagar ta kai waje, ɗan guntun danƙon ya ɓullo ya taɓa saiwar jijiya. Bayan dannawar da yake yi mata, shi kansa danƙon yana sa jijiyar ta kumbura ta yi zafi. Jijiyar ta ƙafa ce, don haka a ƙafa kake jin ciwon ko da yake lafiyar ƙafar kalau. Fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan a kwankwaso a gammo biyun ƙarshe yake faruwa, waɗanda za ka ga an rubuta L4/L5 da L5/S1 a takardar asibiti. Tari da atishawa da yunƙurin bayan gida duk suna ɗaga matsi a wurin, ciwon ya harba. Ina jin nan ne maganar basir ta samo asali: mutum ya ga duk sanda ya tsuguna ya yi yunƙuri bayansa ya amsa, sai ya haɗa su. Jiƙon basir ba zai kai ga wannan gammon ba. Amma ka kiyayi taurin bayan gida, don yunƙurin yana ƙara maka azaba.

Maganar maɗori, ina girmama masu wannan sana'a, da yawa sun gada ne kuma su mutanen karkara suke fara samu. Amma a nan babu abin da za a mayar. Gammon yana can ciki, sai ka wuce fata da tsoka mai kauri da ƙashi da hanyar jijiyoyi kafin ka kai gare shi, babu hannun da yake isa. Ƙarar da ake ji idan an danna baya daga ƙananan gaɓoɓin bayan ƙashi take fitowa, irin ta ƙwanƙwasa yatsu. Ƙaho da tsaga da sakiya a fata suke tsayawa. Ina roƙonka musamman kada ka bari kowa ya hau bayanka ya taka.

Ga abin da zai kwantar maka da hankali. Guntun da ya ɓullo, jiki yana ɗaukarsa baƙo, sai ya tura masa ƙwayoyin da suke cinye shi a hankali, shi ma yana bushewa ya motse. Da aka tattara binciken da aka bi marasa lafiya da hoton MRI, wato hoton asibiti mai nuna gammon da jijiyoyi, an ga wajen biyu cikin uku guntun yana raguwa ko ya ɓace ba tare da tiyata ba, kuma manyan ma sun fi saurin shanyewa. Yawancin masu ciwon da ke sauka ƙafa suna samun sauƙi cikin sati 6 zuwa 12. Kada kuma takardar hoto ta tayar maka da hankali. A 2015 an tattara hotunan mutane fiye da 3,000 waɗanda ba sa jin ciwon baya ko kaɗan. A cikin 'yan shekara 20, kashi 30 cikin 100 gammonsu ya ɗan turo, a cikin 'yan shekara 80 kuwa kashi 84. Da yawan abin da hoto yake nunawa furfurar ciki ce. Shi kuwa hoton ƙashi na eksire ba ya ma nuna gammon, tazarar da ke tsakanin ƙasusuwa kawai ake gani.

Noma bai ƙare maka ba, kuma doguwar kwanciya cutarwa za ta yi. Gammon babban mutum kusan babu jijiyar jini a cikinsa, shi ne abu mafi girma a jiki da yake haka. Abincinsa ta murfin nan yake tsattsafowa daga ƙashi, shi ya sa warkewarsa take da nawa, shi ya sa kuma taba sigari take cutar da shi. Yana son matsawa da sakewa irin ta tafiya. Kwana ɗaya ko biyu idan ciwon ya yi tsanani ya isa, daga nan ka tashi ka riƙa takawa, yau zuwa masallaci, gobe zuwa bakin gari. In ruku'u da sujada sun gagara, ka san addini ya sauƙaƙa maka ka yi a zaune kafin ka warware.

Idan ka koma aiki, sa'ar farko bayan tashi ka bar wa abin da ba ya son sunkuyo. Ruwan dabbobi a ɗebo tun da yamma a ajiye a kan wani abu mai tudu, ko yara su kai. Ba na cikin masu cewa kada mutum ya taɓa sunkuyawa, baya don lanƙwasa aka yi shi, kuma babu mai yin noman fartanya ko dashen shinkafa a tsaye. Abin da yake gajiyar da shi daɗewa ne. Idan ka jima a duƙe, ɓawon baya da igiyoyin da suke ɗaure ƙasusuwa suna miƙewa a hankali kamar robar da aka bari a ɗame, kuma ba sa komawa nan take. Don haka duk ƙarshen kunya ko biyu ka miƙe, ka dafa ƙugu, ka ɗan gantsare baya a hankali, muddin hakan ba ya tura ciwon zuwa ƙafa. Kada ka taso daga sa'o'in noma ko doguwar tafiya a babur kan hanya mai gargada ka cafki buhu, ka ɗan zagaya tukuna. Wajen duƙawa ka kwaikwayi ruku'un da malamai suke koyarwa: baya a miƙe, lanƙwasar daga ƙugu, hannun da ba ya aiki ya dafa gwiwa ya karɓi wani nauyin. Kaya ka matso da shi har ya taɓa jikinka kafin ka ɗaga, in za ka juya ƙafafunka su juya da kai. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da mutum zai riƙa ɗagawa idan komai ya yi daidai. Buhun taki kilo 50 ne. Ku kama shi ku biyu, ko ka raba shi. Lodin Gujungu kuwa, a shawarata ka ajiye shi 'yan watanni, in ka koma kada ka zama mai ciccibar buhu daga ƙasa.

Magani, ka sha abin da likita ya rubuta na kwanakin da ya ce. Haɗin da ake ƙulla wa mutane a leda a wasu kemis yakan ƙunshi magungunan kashe zafi biyu ko uku iri ɗaya, suna cin ciki suna taɓa ƙoda. Tiramadol kuma ka san inda ya kai matasanmu.

Akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: fitsari ya riƙe ko ya riƙa zubowa ba ka sani ba, bayan gida ya kuɓuce, tsakanin cinyoyi da wajen zama su mutu ka daina jin ruwan tsarki, ƙafafu biyu su kama tare, ko ƙafa ta raunana ka ga tana ja da ƙasa takalmi yana fita. Wannan jijiyoyi ne aka danne sosai, ana iya buƙatar tiyata cikin gaggawa, jinkiri yana barin nakasa. Haka idan ciwon ya zo da zazzaɓi da gumin dare da rama, ko wani ƙashi ya fara tasowa a gadon baya kamar ƙusumbi, a duba tarin fuka na ƙashi, yana nan a karkararmu kuma maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko sati 6 ya wuce ciwon ƙafar bai fara ja da baya ba, ka koma babban asibitin da ya fi kusa da kai a tura ka Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano, ka tafi da duk hoton da aka taɓa yi maka da kwalayen magungunan da kake sha.